Makarantar da Ba A Hadda

Litinin, 4 ga Agusta

Yau kowa a gidan nan fara'a yake mini. Ban yarda ba. Inna ta ƙara mini nama ban roƙa ba. Auta ta ce "Yaya sannu da aiki" ba ta haɗa da harara ba, ita da tun ranar da na ɗinke mata hannun rigar makaranta ta ciki ba ta sake gaishe ni da daɗin rai ba. Akwai abin da ake kitsa mini. Na ɗaga katifata na duba, na shinshina ruwan wankana. Babu komai tukuna.

Talata, 5 ga Agusta

Ashe aike ne. Baba ya faɗa mini a shago muna ɗora sabon yadi a kan kujera mai zaman mutum uku, ƙusoshi cike da bakinsa, rabin maganar sai da na tsinto ta. Jami'o'i biyu a babban birni sun ba Auta gurbi, kuma ta samu tallafin karatu, duk wadda ta zaɓa za a ɗauki nauyinta. Ranar Juma'a 22 ga wata ake rufewa, in ba ta amsa ba gurbin ya tafi. Abin da za ta karanta wai shi adabin Turanci. Na ce Baba mene ne shi? Ya ce shi ma abin da yake so a gano masa ke nan. Ƙafarsa ba za ta ɗauki awa bakwai a mota ba, don haka ni zan je in sauka gidan Gwaggo in duba makarantun da idona. In ɗaya ta yi, Auta ta tafi. In babu wadda ta yi, ta shiga kwalejin malamai ta nan garin ta riƙa kwana a gida.

Na ce me ya sa ni? Ko aji ɗaya ban taɓa zama ba, allo kawai na sani, wannan rubutun bokon ma Auta ce ta koya mini a bayan kwali. Ya zare ƙusa ɗaya daga baki ya ce, "Saboda kai ba a cutar ka. Kai ke cutar mutane."

Har yanzu ban gane ba, yabo ne ko zagi.

Laraba, 6 ga Agusta

Na tsare Auta tana wanke-wanke na ce Farfesa, yi mini bayanin adabin nan. Ta ce labarai ne da waƙoƙi da wasan kwaikwayo. Na ce labaran da suka faru? Ta ce a'a, yawanci ƙirƙira ne. Na ce wato ƙarya. Ta ce ba haka ake cewa ba.

To. Ni tun ina shekara biyar nake shan bulala a kan ƙarya, ita za ta yi shekara huɗu tana karanta ta wasu a ba ta takarda, har a ɗauki hoto. Ba wanda zai bar gadonsa ya tafi awa bakwai saboda wannan. Akwai wani abu a birnin nan da ba ta faɗa ba.

Alhamis, 7 ga Agusta

Na gano shi. Ta tafi kai wa Baba abinci na buɗe littafin da take kwana da shi, sai ga ƙaramin hoto a tsakiya. Saurayi ne fari, gashi a murɗe, ya tallafe haɓa yana kallon gefe kamar wanda aka hana shi abinci. A baya ta yi rubutu layi huɗu da Turanci, har da ɗan zanen fure. Na ɗauke shi a wayata gaba da baya na mayar yadda yake.

Ban gaya wa kowa ba. Zan nemo shi da kaina. Adabi!

Asabar, 9 ga Agusta

Auta ta goge mini kayan tafiya, har da hula. Na laluba aljihunan duka kafin in sa a jaka.

Litinin, 11 ga Agusta

Gidan Gwaggo. Jiya na iso, ƙuguna har yanzu bai dawo daidai ba.

Jami'o'in biyu ɗaya sabuwa ce ɗaya tsohuwa. Yau Sabuwar jami'ar na fara zuwa, wadda ta aiko wa Auta takardar talla mai sheƙi. Na ari babbar rigar mijin Gwaggo da tabaransa, don in na je a ɗan mai gyaran kujeru bakin ƙofa za a bar ni. Na ce ni wakilin wani Alhaji ne mai 'ya'ya goma sha ɗaya, duk yana so ya kawo su nan. Kafin in rufe baki an fito da wani mai kwat, yana jin Hausa tsaf, ya kai ni ofis mai sanyi, aka kawo lemo da tsinke.

Gini kam gini ne. Gilashi ko'ina, ƙasa kamar a lashe. Amma da na zauna a kujerar ofishin na danna gwiwar hannu yadda Baba yake yi, sai na ji katako. Fata mai ƙyalli, soson ciki na banza, wata shida ya kwanta. A ɗakin littattafai na zaro guda uku a jere, duk ledarsu ba a ɓare ba.

Na ce a nuna mini malamin adabi. Mai Kwat ya ce yana ƙasar waje, ta allon bango yake koyarwa. Na ce a wurin wa ya yi karatu, shi kuma malaminsa a wurin wa? Ya yi dariya ya ce a ƙaro mini lemo. Na tare wani ɗalibi ɗan shekarar ƙarshe na ce ya biya mini shafi ɗaya da ka, daga kowane littafi ya ga dama. Ya kalli Mai Kwat, Mai Kwat ya kalli agogo. Ko layi biyu bai kawo ba. Shekara huɗu! Mu a makarantar allo wurin Malam, wanda ya yi wata huɗu bai riƙe komai ba gida ake aikawa a tambaya ko lafiya.

A tsakiyar hira na mai da 'ya'yan Alhaji goma sha tara don in gani. Bai ko ƙifta ido ba, cewa ya yi akwai wuri.

Da zan fita na nuna masa hoton, na ce Alhaji ya ji labarin wannan, ko a nan yake? Ya ƙura masa ido ya ce ƙwarai, malaminsu ne, ya tafi hutu, wata mai zuwa zai dawo.

Malami ma! Auta, Auta.

Talata, 12 ga Agusta

Ban fita ba. Gwaggo ta ce me ya same ni na bar abinci. Na ce zafin garinsu ne. Sau uku Auta ta kira, ban ɗauka ba.

Laraba, 13 ga Agusta

Tsohuwar jami'ar. Mota biyu na hau, sannan tafiyar ƙasa ta bayan kasuwar kayan gini. Fenti ya ɓaɓɓare, wani wurin har ciyawa ta fito a bango. Sashen adabi hawa na uku ne, ba na'urar hawa. Kujerun baranda duk sun yage, soso a waje, amma na ɗaga ɗaya na ji nauyi, katakon kirki ne irin wanda ba a samu yanzu.

Aka nuna mini ofishin shugabar sashen. Tsohuwa ce 'yar ƙarama, da sanda a jingine da tebur, littattafai har kan taga, duk sun yi baƙi da hannu. Na gyara riga na fara karanto mata Alhaji da 'ya'yansa. Ta bar ni na kai ƙarshe, ba ta katse ni ba. Sannan ta ce in miƙo hannuna. Ta juya shi ta ga gam a farce da sawun ƙusa a yatsa.

"Alhajin naka shi yake sa ka buga ƙusa, ko a hanya ka tsaya taimako?"

Na ce ai sha'awa ce. Ta ce rigar ma sha'awa ce ta sa ta fi ni da taƙi guda? Cire tabaran kada ka faɗi a matakala, na mai shekara sittin ne. Ta ce zauna, ƙanwarka ce ko budurwarka?

Tunda nake ba a taɓa tuɓe ni da sauri haka ba. Ko Malam sai da ya kwana biyu kafin ya gane ni na sa barkono a tawada.

Na zauna. Ina ɗaga kai sai ga shi a bango, a cikin firam, babba. Shi ɗin dai, da haɓarsa a hannu. Na miƙe na ce wannan fa, nan ma yana koyarwa? Na nuna mata wayata na faɗa mata abin da Mai Kwat ya ce. Tsohuwar nan ta yi dariya har tari ya sarƙe ta, sai da na zuba mata ruwa. Ta ce mawaƙi ne, ya rasu shekara ɗari biyu da suka wuce, yana saurayi. Rubutun bayan hoton baitinsa ne. Ta ce in ya dawo daga hutu wata mai zuwa don Allah in sanar da ita, tana da tambayoyi.

Na ji kunya, na kuma ji sanyi, ban san wanne ya fi ba. Don in rama na ce to ɗalibanta su biya mini shafi ɗaya da ka. Ta ce ba za su iya ba, ita ma ba za ta iya ba. "Nan ba haddace littafi muke yi ba, tuhumarsa muke yi." Ta ce in zo gobe ƙarfe goma in gani, amma da rigata.

Ban yarda da ita ba. Mutumin da ya gane ka da wuri haka, a kula da shi.

Alhamis, 14 ga Agusta

Na je. Ɗalibai kamar talatin, fanka ɗaya ke aiki. Na zauna can baya. Suna ta Turanci, wata yarinya mai lulluɓi ruwan toka ta ɗaga hannu ta yi musu da Malama, tsohuwar jiya, ido cikin ido, na jira a kore ta, sai na ga Malama tana gyaɗa kai tana rubutawa a allo.

Can sai ta juyo da Hausa ta ce suna da baƙo masani. Ta ba ni labarin a taƙaice. Wani mutum ne yake ba da labarin yadda shagon ɗan'uwansa ya ƙone, da bakinsa, shi kaɗai ake ji daga farko har ƙarshe. Rabin aji sun ce gaskiya yake faɗa, rabi sun ce da hannunsa a ciki. Ta sa aka fassara mini wurin da ya ba da labarin safiyar ranar. Mutumin ya faɗi abin da ya karya da shi, da launin rigar da ya sa, da wanda ya gaisa da shi a hanya, har da kukan wani tsuntsu.

Na ce shi ya ƙona. Ta ce hujja? Na ce wa ya tambaye shi abin da ya ci? A sauran labarin gudu yake yi, nan kawai ya tsaya yana jera kaya. Duk inda na tsaya ina ba Baba bayani dalla-dalla ba a tambaye ni ba, to wurin ne na yi ɓarnar. Sai aji ya kwashe da dariya, amma mai lulluɓi ruwan toka ba ta yi ba, rubutawa ta yi. Malama ta ce sati biyu suna zagaye wannan shafin.

Wai abin da Auta take so ta yi ke nan. Zama a kama maƙaryaci a cikin takarda. Da ta faɗa mini haka tun farko.

Na zagaya ɗakin kwanan 'yan mata. Matar da ke gadin ƙofa na gaya mata ni mai duba wayar lantarki ne, ta ce in kawo takarda. Na ce ƙanwata ce ba lafiya a ciki, ta ce in faɗi lambar ɗaki. Na ce to ruwa zan sha, ta miƙo mini ta tsakanin ƙarfe. Ko ƙafa ɗaya ban sa ba.

Malama ta rubuta mini lambarta a guntun takarda ta ce in mahaifinmu yana da tambaya.

Asabar, 16 ga Agusta

A mota. Awa bakwai ba abin yi sai tunani, ni kuma ba na son sa.

In Auta ta tafi shekara huɗu ne. Daga nan kuma wa ya sani, irin su ba sa dawowa su zauna. Gidan zai koma ni da Baba da Inna. Baba ba a tsokanar sa. Inna in ka tsokane ta ba ta ramawa, addu'ar shiriya take maka har ka ji ba daɗi. Ba wai wani abu ba, lissafin gida kawai nake yi. Kwalejin malamai ma ai karatu ne.

Takardar lambar tana aljihun wandona. Aljihun yana da ɗan ɓuli. In ta faɗi ba laifina.

Lahadi, 17 ga Agusta

Na ba da rahoto bayan la'asar, a tsakar gida, kowa na zaune. Ban yi ƙarya ko ɗaya ba, wannan ina so ya zauna a rubuce.

Na ce ta farko malaminsu a bango yake, littattafansu ba a buɗe ba, kuma sun yi mini ƙarya ido da ido. Na ce ta biyu gini yana zuba, kujeru a yage, fanka ɗaya. Na ce a duka biyun na nemi ɗalibi ɗaya ya biya mini shafi ɗaya da ka, ba a samu ba, ita kanta shugabar ta ce ba za ta iya ba. Na ce da idona na ga ɗaliba tana musu da malama a gaban aji.

Baba ya ajiye carbi. Ya ce shekara huɗu ba hadda? To me suke ɗauka su fito da shi? Ya ce ɗalibin da ke musu da malaminsa albarkar me zai samu? Sannan ya ce Auta ta yi haƙuri, gobe a karɓo fom ɗin kwaleji.

Auta ta ce Baba ba haka ake karatun ba, ba hadda ake yi ba. Ya ce ai ga shi yayanki ya faɗa. Ta juyo ta kalle ni. Na zaci za ta ce ƙarya nake yi, na ma shirya rantsuwa, tunda gaskiyata ce. Ta tashi ta kwashe kofuna.

Yau ne karo na farko da Baba ya yarda da maganata bai nemi shaida ba.

Litinin, 18 ga Agusta

Lafiya lau. Mun gama kujeru biyu.

Talata, 19 ga Agusta

Auta ta zo shago ta ce Baba ya ba ta kwalin da ba a amfani da shi. Da na koma cin abinci na ga ta jera littattafan a ciki ta ɗaure da igiya ta tura ƙarƙashin gado. Na ce Farfesa an yi ritaya ne? Ta ce, "Eh, Yaya." Shi ke nan. Ba harara, ba tsaki.

Wannan sabon salo ne, so take in ji wani iri. Na gane ta. Ba zai yi aiki ba.

Laraba, 20 ga Agusta

Na buga wa yatsana guduma sau biyu. Baba ya ce hankalina yana ina.

Takardar ba ta faɗi ba. Na duba.

Abin da ke damuna mutumin nan ne mai shagon da ya ƙone. Shi ma ai ƙila bai yi ƙarya ko ɗaya ba. Abin da ya ci ya ci, tsuntsun ma ya yi kuka.

Alhamis, 21 ga Agusta

Na faɗa wa Baba da hantsi, muna zare tsohon yadi daga kujerar wani likita. Na zaɓi lokacin da ƙusoshi ke bakinsa don kada ya katse ni. Na ce duk abin da na faɗa ranar Lahadi gaskiya ne, amma na jera shi ne yadda zai ba da ƙarya. Na faɗa masa rigar aro, da Alhaji, da hoton, da yadda Malama ta kama ni, da ajin, da matar bakin ƙofa da ta ba ni ruwa ta tsakanin ƙarfe. Na ce karatun ba irin namu ba ne, da ma'aunin da ba nasa ba na auna shi, kuma ina sane.

Ya tofar da ƙusoshin a tafin hannu ɗaya bayan ɗaya. Ya ce to wanne zai ɗauka, na Lahadi ko na yau? Ko Auta ce ta saye ni? Ya ce me ya sa na yi haka tun farko. Na ce zafin mota ne. Ya kalle ni har sai da na sunkuyar da kai.

Na miƙa masa takardar. Ya ce in kira in sa a fili. Malama ta ɗauka, suka gaisa, ya ce shi ne mahaifin yaron da ya zo. Ta ce wanne, wakilin Alhaji? Baba ya rufe ido. Ya tambaye ta maganar hadda, ta yi masa bayani a natse, ba ta raina tambayar ba, ta ce ita ma da allo ta fara kuma shi ya koya mata zama a kan layi ɗaya har sai ya buɗe. Ya tambayi musu da malami, ta ce in ɗalibi ya zo da hujja tana saurare, in ya zo da rashin kunya sandarta ba ado ba ce. Daga ƙarshe ta ce ɗanka maƙaryaci ne mai basira, amma bai iya ƙarya a kan abin da yake so ba, fuskarsa tona shi take yi. In ƙanwar ta ɗauko rabin kansa a turo mata ita.

Ya kashe waya. Ya ɗauki guduma ya ajiye. Ya ce, "Minti nawa ka yi a ofishinta kafin ta gane ka?"

Na ce kamar biyar.

"Ni shekara ashirin da biyu ina fama. Je ka kira mini Auta."

Juma'a, 22 ga Agusta

Da sassafe muka je shagon intanet, ni da ita, kafin layi. Mai shagon ya buɗe shafin, ta danna Tsohuwar da kanta. Takarda ta fito ta naɗe ta a cikin mayafi kamar za a ƙwace.

A hanya ta ce Baba ya gaya mata komai, har da hoton. Ta ce Yaya, mutumin da ya shekara ɗari biyu a kabari ka hau mota awa bakwai za ka yi faɗa da shi? Na ce ai sa'a ya ci. Ta yi dariya har ta dafa bango, sannan ta harare ni, harara ta gaske, irin ta da. Ta ce ba ta yafe ranar Lahadi ba tukuna, sai ta yi tunani. Na ce ta yi a hankali, tana da shekara huɗu.

Sati biyar ya rage. Ni zan raka ta, wai don na san hanya.

Da rana na samu wani mataccen ƙadangare a bayan shago, ya bushe sarai, wutsiya a miƙe, irin wanda ba a samu kullum. Ga takalminta a bakin ƙofa, ba kowa a tsakar gida. Na daɗe tsaye da shi a hannu. Sai na ga igiyar takalmin ta kusa tsinkewa, kuma matakalar can hawa uku ce. Na kai shago na ɗinke da zaren kujera na mayar inda yake.

Ƙadangaren yana cikin gwangwanin ƙusa. Gobe dai.